Idan Faifan da Sabobi Ke Rabawa Ya Lalace: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaran GFS2 da OCFS2

Yawancin masu yin waɗannan tambayoyi da tsakar dare suke yin su, waya na ta ruri, shugaban sashe na son jin ƙarfe nawa aiki zai dawo. Shi ya sa na jera su yadda abin ke zuwar wa mutum, ba yadda ake koyar da shi a aji ba. Na fi ba da ƙarfi a kan GFS2 da OCFS2, tsare-tsaren fayiloli biyu da aka fi samu a gungun sabobin Linux (sabobin da aka haɗa su yi aiki tare) masu raba faifai ɗaya ta SAN ko iSCSI, wato hanyoyin haɗa sabobi da rumbun faifai na waje. Idan na ce "ɗora", abin da umarnin `mount` ke yi nake nufi. "Sauke" kuwa aikin `umount` ne.

Me ya raba wannan tsarin da ext4 ko XFS da muka saba da su?

An gina ext4 da XFS a kan cewa na'ura ɗaya tal ce ke taɓa faifan. Na'urar tana riƙe da lissafi a ƙwaƙwalwarta: wannan bulon (ɗan yankin faifai) fanko ne, wancan na ba wane fayil. Ba ta tambayar kowa, domin ba ta san da kowa ba. GFS2 da OCFS2 kuwa sun san akwai abokan zama. Kafin sabar ta rubuta wani abu sai ta karɓi makulli daga mai rabon makullai na gungu, wato DLM, sannan kowace sabar tana da nata kundin niyya a kan faifan, inda take rubuta abin da za ta yi kafin ta yi shi. In ta mutu a tsakiyar aiki, wata sabar ta buɗe kundin marigayiyar ta ƙarasa mata.

GFS ya samo asali ne a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ya koma hannun kamfanin Sistina, wanda Red Hat ya saya. OCFS2 na Oracle ne. Dukansu sun shiga ƙwayar Linux (kernel) a 2006: OCFS2 a siga ta 2.6.16, GFS2 a 2.6.19.

Komai ya tsaya cak, ko `ls` ba ya dawowa. Lalacewa ce?

Sau da yawa ba ita ba ce, kuma nan ne mutane ke jawo wa kansu lalacewar ta gaske. Idan sabar ɗaya ta ɓace daga gungu, DLM yana dakatar da kowa da gangan har sai an tabbatar masa cewa an kashe waccan sabar ko an raba ta da faifan. Wannan tabbatarwar ita ce katangewa, wadda a Pacemaker, manhajar da ke kula da gungu, ake kira STONITH. In katangewar ta gaza, sauran sabobin za su yi ta jira ko da kwana za a yi. Faifan lafiyarsa ƙalau, tsaro ne ke aikinsa.

Duba `dlm_tool ls` da `dlm_tool status`, sannan `pcs status`. In ka ga ana jiran katangewa, je ka kashe sabar da ta ɓace da hannunka, ka ga fitilunta sun mutu, kafin ka buga `pcs stonith confirm`. Wannan umarnin shaida ce kake bayarwa cewa na'urar ta mutu, kuma gungu zai yarda da kai ba tare da bincike ba. In ka yi shaidar zur, sabar tana raye tana rubutu, to ka lalata faifan da yatsanka.

Lalacewa ta gaske tana barin sawu a `dmesg` ko `journalctl -k`. GFS2 zai rubuta `fatal: filesystem consistency error`, ya ce zai janye, sannan ya janye jikinsa daga faifan a wannan sabar don kada ya ƙara ɓarna. OCFS2 kuma, in ba a sauya masa saiti ba, yana mayar da faifan na karatu kawai. Sauran alamomin su ne fayil da ake gani a jeri amma ba ya buɗuwa, ko jaka da ke ba da kuskuren shiga da fita a kowace sabar.

Na tabbata ya lalace. Da me zan fara?

Da dakatar da rubutu. Kashe manhajoji da injunan boge (virtual machines) da ke zaune a kan faifan, ka sauke shi a dukkan sabobi. Kowane minti da aka ci gaba da rubutu a kan tsarin da lissafinsa ya rikice, ana iya ba sabon fayil bulon da wani tsohon fayil ke ciki.

Bayan nan ka kwashe bayanan `journalctl` na kowace sabar ka adana su a wani wuri, tun kafin a sake kunna na'urori su shafe. Sai ka leƙa ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsarin fayiloli shi ne hawa na sama a kan LVM (mai tsara rabon faifai), da hanyoyin multipath (layukan da ke kai wa rumbun), da katin RAID (mai haɗa faifai da yawa su zama ɗaya), da faifan ƙarfe. Buga `multipath -ll` ka ga ko duk hanyoyin na raye. Shiga shafin kula da SAN ɗin ka ga ko akwai faifan da ya mutu ko ake cikin sake gina RAID. In faifai na cikin sabar ne, `smartctl -a` zai nuna maka sassan da suka ƙi karantuwa. Gyaran tsarin fayiloli a kan rumbun da ke ba da amsar ƙarya ɓata lokaci ne. `Fsck`, umarnin dubawa da gyara tsarin fayiloli, zai karanta shirme, ya gaskata shi, ya rubuta gyara a kansa.

Me ya sa ba zan buga `fsck -y` kawai in huta ba?

Saboda abin da `fsck` ke nema daban, abin da kai kake nema daban. Kai fayilolinka kake so. Shi kuma so yake lissafi ya daidaita: kowane bulo ya zama yana da mai shi ɗaya, kowace jaka ta zama tana da uwa, adadin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke ƙasa. In hanya mafi sauƙi ta daidaita lissafin ita ce ya shafe wata jaka da ta rikice, zai tambaye ka ko ya shafe, `-y` kuma na nufin ka riga ka amsa masa da "i" ga duk tambayar da zai yi, har da waɗanda ba ka ji ba. Abin da ya rubuta ba ya komawa baya. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Ba cewa nake kada a taɓa amfani da `-y` ba. A faifai mai kurakurai dubbai ba mai iya zama yana amsa su ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙarshe da shi za ka yi gyaran. Maganar ita ce ya zo a mataki na uku: kwafi tukuna, sannan gwaji da `-n` wanda ke dubawa ba ya rubutu, sannan `-y`.

Faifan terabait 20 ne, ba ni da inda zan kwafe shi. Ya zan yi?

Akwai hanyoyi uku, daga mafi kyau zuwa mafi ƙaranci.

In SAN ɗinka na iya ɗaukar hoton (snapshot) LUN, wato faifan da SAN ke nuna wa sabobi, nan take, yi wannan. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, wuri kaɗan yake ci, kuma kana iya gabatar da hoton ga wata na'ura daban ka gwada gyaran a kansa. Ka kula dai: hoton yana ɗauke da lambobin shaidar LVM iri ɗaya da na asali, don haka kada ka nuna shi ga sabobin gungun. Na'urar da ba ta ganin faifan asali za ka ba.

In ba hoto, kuma kana zargin faifan ƙarfe, nemi aron rumbu ko ka saya, ka kwafe da `ddrescue`, tare da fayil ɗin taswira da ke ba shi damar ci gaba daga inda ya tsaya. Ya fi `dd` a nan domin yana tsallake wurin da ya ƙi karantuwa, ya kwashe mai sauƙi, sannan ya dawo wa mai wuya.

In duk biyun ba su samu ba, aƙalla ka adana bayanan tsarin. A GFS2:

`gfs2_edit savemeta /dev/vg/lv /ajiya/meta.gz`

A OCFS2:

`o2image /dev/mapper/faifai /ajiya/faifai.o2i`

Waɗannan ba sa ɗaukar abin da ke cikin fayiloli, ƙashin tsarin kawai suke ɗauka, shi ya sa girmansu bai kai ya kawo ba. Su ne abin da masu tallafin Red Hat, SUSE ko Oracle za su fara nema a wurinka. Sunayen fayiloli da na jakunkuna suna ciki, don haka ka san wanda za ka tura wa. Kuma kada ka ajiye su a kan faifan da kake gyarawa. Na san abin dariya ne a faɗa, amma mutum da ƙarfe uku na dare ba ya cikin cikakken hankalinsa.

Ta yaya zan tabbatar babu sabar da ta bar shi a ɗore?

A gungun Pacemaker kada ka buga `umount` da hannu, domin gungu zai ga an sauke ya sake ɗorawa a bayan idonka. Yi amfani da `pcs resource disable --wait` a kan albarkar tsarin fayilolin, ka bar DLM da `lvmlockd` suna aiki don a iya ganin faifan. Sannan ka shiga kowace sabar, ɗaya bayan ɗaya, ka duba `/proc/mounts`. A OCFS2 akwai `mounted.ocfs2 -f`, wanda ke faɗa maka sabobin da ke riƙe da shi.

Ka tuna da na'urorin da ba a lissafa su. Sabar ɗin ɗaukar kwafi da wani ya haɗa da LUN ɗin shekara biyu da suka wuce, ko tsohuwar na'urar da aka cire daga gungu amma ba a cire ta daga jerin SAN ba. Jerin da ke kan SAN ɗin shi ne gaskiya, ba takardar da ke manne a bango ba.

`fsck.ocfs2` yana tambayar gungu kafin ya fara, kuma yana da zaɓin `-F` mai hana shi tambayar. GFS2 ma yana da `lockproto=lock_nolock` na ɗora shi ba tare da makullan gungu ba. Dukansu suna da amfani a kan kwafi, ko ranar da sauran sabobin ke kashe ka kuma gani da idonka. In ba haka ba, ka nisance su.

Yaya ake gudanar da gyaran a GFS2?

A sabar ɗaya kawai, a cikin `tmux` ko `screen`, don in layin SSH ya katse aikin ya ci gaba. Fara da gwaji, ka adana abin da ya fito:

`fsck.gfs2 -n /dev/vg/lv 2>&1 | tee /ajiya/gwaji.log`

Karanta sakamakon da natsuwa. Tunda `-n` ba ya ƙarasa kundin niyyar sabar da ta mutu, wasu kurakuran da zai nuna ba na gaske ba ne, za su ɓace da zarar an ƙarasa kundin. Abin da za ka lura da shi shi ne nau'in ƙorafin. In duk maganar a kan taswirar bulo ce, wai an rubuta bulo kaza na aiki alhali fanko ne, wannan ƙaramin ciwo ne. In kuwa kana ganin fayiloli biyu na ja-in-ja a kan bulo ɗaya, ko ana maganar rukunonin albarkatu da jadawalinsu `rindex` sun lalace, ko jakunkuna da yawa sun rasa uwa, to ɓarnar ta yi zurfi, kuma a nan ne ya kamata ka kira masu tallafi kafin ka ci gaba, in kana da yarjejeniya da su.

Gyaran kansa zagaye-zagaye yake yi. Na farko ya bi kowane fayil ya tattara bulonsa, ya warware bulon da aka ba masu shi biyu. Na biyu ya duba cikin jakunkuna. Na uku ya tabbatar kowace jaka na da hanya zuwa tushe. Na huɗu ya daidaita ƙidayar mahaɗai. Na biyar ya gyara taswirar bulo. Yawan fayiloli ne ke cin lokaci fiye da girman faifai: terabait 5 cike da miliyoyin ƙananan fayiloli zai fi daɗewa a kan terabait 20 mai ɗauke da manyan hotunan injuna ɗari. Yana kuma cin ƙwaƙwalwa. Ga faifan terabait 16 ka ware masa gigabait 2 ko fiye, ban da abin da na'urar ke ci.

Da ya gama, buga `echo $?`. Sifili na nufin babu kuskure, 1 an gyara, 4 akwai abin da ya rage, 8 shi kansa `fsck` ɗin ya samu matsala. Ko 1 ka gani, sake gudanar da shi har sai ya fito da sifili.

Kada ka katse shi a tsakiya don wani ya matsa maka. Kuma in injin janareta ne ke riƙe da ɗakin, ka duba mansa kafin ka fara.

OCFS2 fa?

Tsarin aikin ɗaya ne: `fsck.ocfs2 -fn` don gwaji, `fsck.ocfs2 -fy` don gyara. Harafin `f` na da muhimmanci. In babu shi, yana iya ƙarasa kundin niyya kawai ya ce maka komai lafiya ba tare da ya bi faifan ba. Kowace tambaya da yake yi tana zuwa da lamba ta musamman cikin manyan haruffa, kuma akwai shafin `man fsck.ocfs2.checks` da ke bayanin kowacce. Mutane da yawa ba su san da shafin ba, alhali shi ne ke faɗa maka abin da za ka rasa in ka amsa da "i".

In kana son ciro wani fayil mai muhimmanci kafin gyara, `debugfs.ocfs2` na iya karanta faifan ba tare da an ɗora shi ba, da umarninsa `dump` da `rdump`.

Wani ya yi kuskure ya rubuta a kan farkon faifan. Shi ke nan?

Ba lallai ba. Wannan na faruwa idan an nuna LUN ɗin ga sabuwar na'ura, mai girka ta ya ɗauka sabon faifai ne ya raba shi, ko Windows ta ce a yi masa rajista aka danna "to".

In bayanin LVM da ke farkon faifan ne ya tafi, duba `/etc/lvm/backup` da `/etc/lvm/archive` a sabobin gungun. Da lambar shaidar da ke ciki ana sake rubuta shi da `pvcreate --uuid` da `--restorefile`, sannan `vgcfgrestore`. In babban bulon OCFS2 ne (superblock, mai ɗauke da bayanin tsarin gaba ɗaya), akwai kwafinsa a wurare shida gwargwadon girman faifan: a gigabait 1, 4, 16, 64, 256 da terabait 1. `fsck.ocfs2 -r 1` zai maido daga na farko, sannan ka bi da cikakken gyara. Babban bulon GFS2 yana zaune ne kilobait 64 daga farkon faifai, kuma `fsck.gfs2` na iya ƙoƙarin sake gina shi; bayan haka sai ka mayar masa da sunan gungu da `tunegfs2 -o locktable=`, in ba haka ba zai ƙi ɗoruwa.

Dukkan wannan a kan kwafi ake fara gwada shi. Kuma ka tambayi wanda ya yi kuskuren ainihin umarnin da ya buga, cikin lalama. In ka yi masa tsawa zai rage wani abu a labarin, kai kuma cikakken labarin kake bukata.

`fsck` ya fito da sifili. Na gama?

Saura. Abin da ya tabbatar maka shi ne ƙashin tsarin ya miƙe. Bai leƙa cikin ko fayil ɗaya ba. Hoton injin boge na iya samun rami a tsakiyarsa, `fsck` ya ga girmansa daidai ya wuce.

Ɗora faifan a sabar ɗaya, na karatu kawai. Leƙa `lost+found`, inda ake zuba fayilolin da suka rasa jakarsu, da lambobi a madadin suna. Umarnin `file` zai taimaka maka gane su. Bi bayanin gyaran ka fitar da jerin duk fayil ɗin da aka taɓa ko aka yanke, ka maido da su daga kwafin ajiya ko da suna buɗuwa. Hotunan qcow2 ka bi su da `qemu-img check`, sannan ka duba tsarin fayilolin da ke cikin kowane inji. In rumbun bayanan Oracle ne, RMAN na da umarnin tantance bulo. Sai bayan haka ka shigo da sauran sabobin, ɗaya, ka jira, sannan ta gaba.

To me ke lalata shi tun farko?

Na ɗaya, kuma da tazara mai yawa a abin da na gani, rashin katangewa. Akwai darussa birjik a intanet da ke cewa ka sa `stonith-enabled=false` "don gwaji", sai gwajin ya zama aiki, a manta. Ranar da layin da Corosync (manhajar da sabobin gungu ke jin juna da ita) ke magana ta kansa ya katse, kowane ɓangare zai ɗauka ɗayan ya mutu, ya buɗe kundin niyyarsa ya ƙarasa masa, alhali mai kundin na raye yana ci gaba da rubutu. Sarakuna biyu ke nan a gari ɗaya. Katangewar kuma ba abu ne mai wuya ba: `fence_ipmilan` ta katin IPMI mai kashe sabar daga nesa, kamar iDRAC ko iLO, ko `fence_scsi` da ke sa rumbun da kansa ya ƙi karɓar rubutun wadda aka kora, ko SBD da agogon tsaro na na'ura. Akwai tarko ɗaya a IPMI: in wuta ta ɗauke wa sabar gaba ɗaya, katin IPMI ɗin ma ya mutu, ba mai amsa cewa an kashe ta, gungu ya maƙale. Shi ya sa ake son hanya ta biyu. OCFS2 da manhajar gungunsa ta o2cb kashe kansa yake yi: sabar da ta kasa rubuta bugun zuciyarta a faifai na kimanin daƙiƙa 60, a saitin asali, sai ta sake kunna kanta. Masu ganin wannan a matsayin fitina suna ɗaga lambar fiye da kima, su rage wa kansu kariya.

Na biyu, wuta. Kundin niyya na kare ka daga ɗaukewar wuta ne muddin rumbun bai yi ƙarya ba. Katin RAID mai riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa yana cewa "na rubuta" tun bai rubuta ba, yana dogaro da batirinsa. In batirin ya mutu kuma an tilasta masa ci gaba da riƙewa, wuta na ɗaukewa rubutun ya bi iska. A wurarenmu, inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa a rana, zafi kuma na cinye batiran UPS kafin wa'adinsu, wannan ba labarin littafi ba ne. Duba batirin katin, ka gwada UPS ɗin da nauyi a kansa, ka haɗa shi da NUT ko `apcupsd` don sabobi su kashe kansu cikin tsari kafin rumbun ya mutu.

Na uku, ɗora tsarin da ba na gungu ba a na'urori biyu. An taɓa kirana wani ofishi inda aka ɗora ext4 ɗaya a sabobi biyu ta iSCSI. Ya yi musu aiki na wasu makonni, domin ɗaya sabar ba ta cika rubutu ba, har suna mamakin masu wahalar da kansu da DLM. Ranar da aka fara loda fayiloli ta ɓangarorin biyu, jakunkuna suka fara haɗiye juna. Abin da muka ceto bai kai abin da ya tafi ba.

Sabobi biyu kawai gare mu. Akwai matsala?

Akwai, domin in layi ya katse kowacce na da ƙuri'a ɗaya cikin biyu, babu mai rinjaye. Saitin `two_node: 1` na Corosync yana ba kowacce damar ci gaba, ya bar katangewa ta raba gardama, wanda ke nufin in babu katangewa babu abin da ya rage. Ƙara ƙuri'a ta uku da `corosync-qnetd` a wata ƙaramar na'ura. Ba ta bukatar ganin faifan. Ka ba Corosync layi biyu ta suwic daban-daban. A gungun GFS2 kuma `no-quorum-policy` ya zama `freeze`.

In DRBD, mai kwafe faifai tsakanin sabobi biyu ta layi, ne a ƙasa, bangarorin biyu na rubutu, kuma suka rabu, babu haɗa su. Dole ka zaɓi wanda za a zubar da canje-canjensa da `--discard-my-data`. Kwashe abin da ke wancan ɓangaren kafin ka zubar.

A Proxmox (manhajar gudanar da injunan boge), `/etc/pve` ya ƙi karɓar rubutu. Shi ma lalacewa ce?

Galibi rashin rinjaye ne. Wannan jakar ba faifai ba ce. Pmxcfs ne, ƙaramin rumbun SQLite da ke `/var/lib/pve-cluster/config.db` a kowace sabar, wanda Corosync ke daidaitawa. In babu rinjaye sai ya koma na karatu kawai. Duba `pvecm status`, ka gyara layin. `pvecm expected 1` zai buɗe maka shi, amma da sharaɗin sauran sabobin a kashe suke. In `config.db` ɗin ne da kansa ya lalace a sabar ɗaya, sauran na da cikakken kwafi; tsayar da `pve-cluster`, ka ajiye lalataccen a gefe, kada ka shafe shi.

CephFS, GlusterFS ko NFS nake da su. Wannan bayanin ya shafe ni?

Tsarin tunanin ya shafe ka, kayan aikin ne daban. A NFS sabar ɗaya ce ke da faifan, gyaran na ext4, XFS ko ZFS ne a can. A GlusterFS, `gluster volume heal` tare da `info split-brain` zai nuna fayilolin da kwafinsu ya saɓa, ka zaɓi wanda za a bi. A CephFS, kafin komai ka fitar da kwafin kundin da `cephfs-journal-tool journal export`; `cephfs-data-scan` makami ne na ƙarshe, kuma takardun Ceph da kansu suna gargaɗin kada wanda bai san cikin tsarin ba ya taɓa shi. VMFS na VMware yana da VOMA, Lustre yana da LFSCK.

Yaushe zan haƙura da gyara in maido daga kwafin ajiya?

Idan `fsck` ya gudana sau biyu ko uku yana fito da sababbin kurakurai kowane karo. Idan ɓarnar daga sabobi biyu ne da suka daɗe suna rubutu ba makulli, domin a nan cikin fayiloli ya gauraya, ba abin da zai nuna maka wanne ne. Ko kuma idan lissafin lokaci ya nuna maidowa ta fi sauri.

Yi lissafin da alƙalami kafin ka ba shugabanka amsa. Layin gigabit 1 yana ɗaukar kimanin megabait 110 a daƙiƙa, wato terabait 10 zai ci awa 25 ko fiye, in ba abin da ya tsaya. A layin gigabit 10 yana iya sauka zuwa awa uku ko huɗu, in faifan na iya bin saurin. Ƙananan fayiloli masu yawa suna ninka wannan lokacin, musamman a tsarin gungu inda kowane sabon fayil ke bukatar makulli. A kan sabar ɗaya za ka yi maidowar, sauran na jira. In kana da wurin, fara maidowa a sabon LUN tun `fsck` na gudana a kan tsohon, duk wanda ya riga gamawa da shi za a tashi.

Kada ka yi `mkfs`, mai shafewa ya gina sabon tsarin fayiloli, a kan tsohon faifan sai an buɗe abin da aka maido an ga yana aiki. Wanda bai taɓa gwada maido da kwafinsa ba, yau ne zai san ko yana da kwafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma in ranar ta riga ta zo, tsohon faifan shi ne abin da ya rage maka. In za ka gina sabo, ka ba `mkfs.gfs2 -j` adadin kundi ɗaya ga kowace sabar, `mkfs.ocfs2 -N` kuma adadin gurabe. Masu amfani da Red Hat su kuma sani cewa kamfanin ya daina tallafa wa GFS2 daga RHEL 10, don haka in sabon gini ne ya kama ka, ka tambayi kanka ko manhajar taka na bukatar sabobi da yawa su rubuta a lokaci ɗaya, ko XFS a hannun sabar ɗaya, da Pacemaker ke miƙa wa ta biyu in ta farko ta faɗi, ya ishe ka.